"Ai akwai kwafi": to wa ya taɓa gwada dawo da shi?

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, yau ba siyasa zan yi ba, ko da yake na san kafin in kai ƙarshe wani zai ce siyasa ce. Magana ce a kan bayananmu da suka bar takarda suka koma cikin kwamfuta da waya, da abin da zai same mu ran da na'urar ta ƙi tashi. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Ku duba abin da ya shiga kwamfuta a 'yan shekarun nan. Jerin albashin ma'aikata da malaman firamare, lissafin fansho, sakamakon jarabawar yara, rajistar masu zuwa awo da ta rigakafi, sunayen manoman da za a bai wa taki, takardun filaye. Ga NIN, ga BVN, ga katin zaɓe. Hatta ɗan kasuwar da ke kai hatsi da albasa kudu, littafin bashinsa yanzu saƙon murya ne a WhatsApp da hoton rasit. Duk wannan ci gaba ne, ba na ja. Amma ka shiga ofis ko shagon buga takardu, ka nuna kwamfutar da ke kan tebur ka ce, in wannan ta ƙone yau fa? Amsar da za ka ji guda ce: "Ai akwai kwafi." Ka ƙara tambaya: kwafin me da me? Yaushe aka yi na ƙarshe? Yana ina? Wa ya taɓa ɗauko shi ya zuba a wata kwamfuta ya ga ya buɗe? Nan za ka ga an fara sosa ƙeya, a ce ka jira yaron da ke kula da wurin, ya tafi Sakkwato.

Abin mamaki, mu manoma ne, mun san wannan ilimi tun kafin a ƙera kwamfuta. Ba wanda ke liƙe rumbu bayan kaka ya tafi ya yi barci har bazara. Yana leƙawa, yana duba ko gara ta hau, ko ƙwari sun shiga, ko ɓera ya huda ƙasa. Mai hankali kafin damina yakan ɗebi kaɗan daga irin da ya adana ya jiƙa ya ga ko zai tsiro, don kada sai ruwa ya sauka ya gano irin ya mutu. Haka mahaddaci. In ya ce ya haddace, ba a yarda da bakinsa kawai, sai ya zauna gaban malam ya kawo, kuma kullum yana tilawa don ya kama inda ya fara zamewa. To me ya sa da muka zo kan kwamfuta muka ɗauka cewa da an soka filas an danna sau ɗaya shi ke nan har abada?

Bari in ba ku labarin waɗanda suka fi mu sanin na'ura, don kada a ce ƙauyanci ne ke damunmu. Akwai wani kamfani mai suna GitLab, aikinsa ma shi ne ajiye wa masu ƙirƙirar manhaja ayyukansu. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu, cikin dare da gajiya, ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Suka ce ba komai, muna da hanyoyin ajiya har guda 5. Da suka je ɗaukowa, babu ko ɗaya da ta yi aiki yadda suka zata. Wata ta daɗe tana faɗuwa, ba ta ajiye komai, kuma saƙon gargaɗin da take aikawa ba ya isa ga kowa. Shiru da suke ji suka ɗauka lafiya ce. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka yi don wani aiki daban kamar awa 6 kafin abin ya faru, kuma duk abin da mutane suka shigar a cikin awannin nan ya tafi. Kamfanin da kansa ya bayyana wa duniya yadda abin ya faru, shi ya sa muka sani.

Wannan shi ne gefe ɗaya, kwafin da ake zaton yana yi alhali ya mutu tuni. Ɗaya gefen shi ne abin da tun farko ba a saka shi cikin lissafin ajiya ba. Ranar 26 ga Satumban 2025 gobara ta tashi daga batura a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya. Da yawa an dawo da su a hankali saboda suna da kwafi, amma wani rumbu da ma'aikatan gwamnati ke zuba fayilolinsu, mai ɗauke da terabait 858, ba shi da kwafi a ko'ina. Dalilin da aka bayar shi ne wai ya yi girma da yawa. Ƙasar da ke ƙera Samsung ke nan fa. A Indunusiya kuwa, cikin Yunin 2024, ɓarayin intanet suka kulle cibiyar bayanan ƙasa suka nemi fansar dala miliyan 8, irin garkuwar da muka sani amma da bayanai. Da aka duba, kashi 2 cikin 100 kacal na abin da ke ciki ke da kwafi, domin an bar wa kowace ma'aikata zaɓi, in ta ga dama ta yi.

Wani zai ce can ne. To mu dawo gida, kan abin da kowa a nan ya sani.

Mu a Sakkwato ba sai an koya mana darajar ɗan ƙaramin adadi ba. Zaɓen gwamna na 2019 da ƙuri'a 342 aka raba gardama tsakanin Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, kuma duk wanda ya bi abin ya tuna yadda idon jiha ya koma kan Kebbe. Ƙuri'a 342 ko rumfa ɗaya ba ta cika ba. Wato bayanin na'ura ɗaya tak, in ya ɓace ko ya zo rabi, ya isa ya jefa jiha guda cikin shakka. Ba ina cewa hakan ya faru ba, ina nuna girman abin da ke rataye a kan 'yar ƙaramar na'ura ne.

A 2023 maganar ta fito fili. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, INEC ta ce dole ta sake saita na'urorin BVAS na rumfuna sama da 176,000 kafin zaɓen gwamnoni, masu ƙara kuma suka ce in an saita za a shafe shaidarsu. INEC ta gaya wa kotu cewa za a kwashe bayanan zuwa babban rumbunta kafin a taɓa na'urorin. Kotu ta amince, aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris. Ku lura, amanar zaɓen ƙasa baki ɗaya ta dawo kan tambayar nan tamu: kwafin ya cika kuwa? Kuma ba tambayar banza ba ce, domin a shari'ar gwamnan Osun an ga rahoton BVAS fiye da ɗaya a kan zaɓe guda, saboda an ciro na farko tun kafin duk na'urorin su gama tura nasu. Kotun zaɓe ta soke nasarar Ademola Adeleke a Janairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Mayu. Wata da watanni ana fafatawa a kan bambancin abin da ke cikin na'ura da abin da ya isa rumbu. Ga 2027 na tafe. Ko wace jam'iyya kake, wannan ya shafe ka.

Sai kuma masu cewa a tura komai rumbun intanet a huta. Ina goyon bayan a tura, amma kada a huta. Mun manta Satumban 2021? An katse layukan waya a Zamfara, daga baya aka katse a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, Tambuwal na cikin waɗanda aka ambata. Mutanen Kebbe da ke maƙwabtaka da Gummi su ma sun san yadda ake neman sabis kamar ruwa a rani. A irin wannan lokaci wayar da aka saita ta riƙa tura kwafi kullum ba ta tura komai, kuma ba za ta yi maka ihu ba. Wanda duk ajiyarsa ke sama, ba shi da hanyar saukowa da ita. Ko a 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da manyan kamfanoni a Legas sai da suka ji a jikinsu, balle mu. Kwafi ɗaya a sama, ɗaya a hannu, shi ne abin da ya dace da ƙasarmu.

Kwanaki wani malamin makaranta mai zaman kanta, ba zan faɗi ko wace ba, ya kawo mini filas hankalinsa a tashe. An sace laftof ɗin makarantar, sakamakon yara na shekara uku na ciki. Ya ce, "Alhamdu lillahi dai duk ƙarshen zango muna kwahewa, ga shi nan." Muka soka. Fayiloli sun fito reras, kowanne da sunansa, aji ɗaya, aji biyu, har shida. Muka danna, ba abin da ya buɗe. Ashe duk shekarun nan 'yan alamomin da ke kan fuskar kwamfuta suke kwafewa, waɗanda aikinsu kawai nuna hanya zuwa inda ainihin fayil yake. Sun adana allon da ke nuna hanyar gida, gidan kuwa ya tafi da ɓarawo. Mutumin nan bai yi sakaci ba a ganinsa, ya yi abin da aka ce ya yi, zango bayan zango. Da sau ɗaya aka soka filas ɗin a wata kwamfuta daban, da minti biyu sun isa a gano. Sai da suka bi iyayen yara gida gida suna roƙon a kawo tsofaffin katunan sakamako, wasu sun samu, wasu an daɗe da ƙunsa ƙosai a ciki.

Kai ma mai karanta wannan a waya, kada ka yi dariya tukuna. Tun farkon 2024 kwafin WhatsApp na masu Android yana cin wuri a cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta. In bidiyon biki da na wa'azi da na barkwanci sun cika wurin, kwafin ya tsaya. Shiga saitin WhatsApp, wajen hira, wajen ajiyar hira, za ka ga ranar da aka yi na ƙarshe. Wani zai ga jiya, wani zai ga bara. Sannan ka tambayi kanka, adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar nan, ka san kalmar sirrinsa? Ko mai shagon da ya sayar maka da wayar ne ya buɗe maka, ya sa abin da ya ga dama, kai ka karɓa ka tafi? Lambar da aka haɗa shi da ita tana hannunka, ko layin ya daɗe da mutuwa an sayar wa wani? Kwafin da ba ka da mabuɗinsa daidai yake da hatsin da ke rumbun wani. Google ma ta sanar cewa asusun da aka bari shekara 2 ba a taɓa ba tana iya goge shi. Ina tunanin 'yan kasuwarmu da ke da bashin miliyoyi a wuyan mutane, shaidar duka na cikin waya ɗaya mai fasasshen gilashi. In ta faɗa rijiya, ko mai ita ya rasu, magada da me za su nemi haƙƙinsu?

Na san abin da wasu za su ce. Mutane na fama da 'yan bindiga, ga tsadar abinci, ga asibiti ba magani, kai kana maganar filas. Gaskiya ne, ba zan haɗa filas da rai ba. Amma ku tambayi wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa, ya zo karɓar haƙƙinsa aka ce ba a ga fayil ɗinsa ba. Ku tambayi marayun da aka ce filin babansu ba ya cikin rajista. Waɗanda ɓatan bayani ke cuta su ne dai talakawan da ba su da wanda zai ɗaga musu waya. Mai uwa a gindin murhu, ko fayil ɗinsa ya ƙone a ranar za a buɗe masa sabo. Kuma rashin tsaron nan shi kansa dalili ne. Garin da ake iya tashi cikin dare a gudu, da ofishin da ake iya rufewa wata guda ba a shiga ba, su suka fi kowa buƙatar kwafi a wani wuri.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Ba kowa ne ke baƙin cikin ɓatan bayanai ba. A 2022 jaridu suka ɗauko cewa an gaya wa kwamitin Majalisar Dattawa gara ta cinye takardun kashe kuɗi na kusan naira biliyan 17 a hukumar NSITF. Muka yi ta dariya a nan Facebook. To gobe ba gara za a ce ba, za a ce bairos ne, ko a ce wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙona kwamfuta, kuma ba wanda zai iya musu. In akwai kwafi a wuri biyu ko uku, a hannun mutane daban daban, kuma ana duba shi a kan lokaci, wannan uzuri ya mutu. Shi ya sa nake ganin duk shugaban da ke da gaskiya shi ya kamata ya fi kowa matsa wa lamarin nan, don kare kansa ma.

Wasu kuma na cewa mu koma takarda kawai. Takarda tana da ranarta, kuma ina ganin muhimman abubuwa irin jerin albashi da rajistar filaye ya kamata a riƙa buga su ana sa hannu ana adanawa. Amma mutanen Maiduguri sun ga abin da ruwa ke yi wa takarda da kwamfuta baki ɗaya a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mu ma mun ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021. Littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello ba don takarda tana da ƙarfi suka kawo yau ba. Almajirai ne suka yi ta kwafe su da hannu, ana kai wa gari gari, ana karanta sabon kwafi a gaban malam ana gwada shi da na asali. Da wuri ɗaya aka tara su, da gara ta gama da su tuni.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: kwafin da ke jone da kwamfuta kullum, abin da ya ci kwamfutar shi zai ci shi. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ɗanɗana wannan a Yunin 2017, lokacin da wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta shiga kwamfutocinsa. Manyan na'urorin da ke riƙe da sunaye da izinin shigar ma'aikata suna da yawa a faɗin duniya, kowace tana kwafe 'yar uwarta, sai aka ɗauka ai sun tsare juna. Duk suka mutu lokaci guda. Ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta a can kafin cutar ta iso. Aka ɗauko faifan, aka kawo shi filin jirgi a Najeriya aka miƙa wa wani ma'aikaci, shi kuma ya tashi da shi zuwa Landan. Ɗauke wuta irin tamu ta ceci kamfanin biliyoyi, amma duk da haka asararsa ta kai wajen dala miliyan 300. Mu dai wutar ɗaukewa take yi kullum, sai dai ba na jin za mu dogara da ita.

Abin da nake nema daga sakatariyar Tambuwal da ta Kebbe, da hukumomin ilimi da na lafiya na ƙananan hukumomin biyu, ba kwangila ba ce. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya rubuto takardar sayen na'urar miliyan ɗari. Littafi ɗaya nake so a buɗe, ko na makaranta mai ganye 60. A rubuta kowace kwamfuta da kowace waya ta aiki, abin da ke cikinta, inda kwafinta yake, ranar da aka yi na ƙarshe, da sunan wanda alhakin ke wuyansa. Duk na'urar da aka sayo sabuwa ta shiga littafin ranar da ta iso, domin a nan ake samun giɓi, a kawo sabuwar laftof a fara aiki a kanta, kwafi kuma yana can yana bin tsohuwar da aka jefa a kwana. Sau ɗaya a wata a zaɓi fayil biyu ko uku ba tare da an sanar ba, a dawo da su a wata kwamfuta daban a gaban wani wanda ba shi ya yi kwafin ba, a rubuta ko sun buɗe da tsawon lokacin da aka ɗauka. Sau ɗaya ko biyu a shekara a yi kamar kwamfutar albashi ta ƙone ɗungurungum, a ga kwana nawa za a yi kafin a iya biyan mutane. In amsar wata biyu ce, gara a sani yanzu.

Inda za a ajiye kuma, faifai ɗaya a ofis, ɗaya a cire a kulle a wani gari. Na Kebbe na iya kwana a Tambuwal ko Sakkwato, na Tambuwal ma haka, a sa masa kalmar sirri don bayanan mutane ne ba na talla ba. Na uku ya tafi rumbun intanet da asusun ofis, ba da Gmail ɗin ɗan bautar ƙasa da zai gama shekararsa ya koma Enugu da mabuɗin ba. Faifan nan kada a bar shi a kan taga, zafin Afrilu na Sakkwato da ƙurar hunturu ba su san darajarsa ba.

Wannan ma ba alfarma ba ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su daga ɓata, da tanadin hanyar dawo da su in wani abu ya faru, da gwada tanadin lokaci lokaci. Kotun Ƙoli kuma tun 11 ga Yulin 2024 ta ce kuɗin ƙananan hukumomi a ba su kai tsaye. Ko an aiwatar ko ba a aiwatar ba, wannan wata rana ce, amma wanda ke neman a sakar masa asusu dole ya iya nuna lissafinsa ko bayan gobara.

Kansilolinmu na Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kuchi, Girkau da sauran mazaɓu, wasunku muna tare a nan kuma na san kuna karantawa ko ba ku danna komai ba. A zamanku na gaba wani ya miƙe ya tambayi ma'aji da daraktan ma'aikata ranar da aka yi kwafin jerin albashi na ƙarshe, da ranar da aka gwada dawo da shi, ya ce a rubuta ranakun biyu a cikin bayanan zama. Duk wanda ya samo amsar ya turo mini, zan saka ta a nan yadda ta zo.